Daga Lugu zuwa Dumega: Kisan Siyasa da Bin Kadin Jini a Ƙasar Arewa

Ƙasar Arewa, mazaunin Arawa da Gubawa waɗanda Zabarmawa ke kira Mawri, tana kwance ne a gefen Dallol Mawri, wani tsohon kwarin kogi da ya daɗe da ƙafewa, a gabashin jihar Doso ta Jamhuriyar Nijar. A tsarin mulki na yau gunduma biyu ce. Gundumar Dogon Dutsi ta haɗa birnin kansa da Matankari, Kiyeshe, Dankasari, Dogon Kirya da Sukukutane, wadda ke can kusurwar arewa maso yamma, kan iyaka da jihar Tilaberi, wadda kuma masu noman rani suka sani saboda irin farar albasa mai ɗauke da sunanta. Gundumar Tibiri, da aka yanke daga jikin Dogon Dutsi a 2011, ta haɗa Tibiri, Dumega, Gesheme da Kore Mairuwa. Wani ɓangaren ƙasar ya faɗa Najeriya lokacin da Turawa suka shata iyaka, shi ne yankin Kangiwa a jihar Kebbi.

Ƙasa ce ta gero da wake da kiwo, kuma tsakanin Dogon Dutsi da Yamai akwai tafiyar fiye da kilomita 250. Duk da wannan nisa daga fadar mulki, sau uku cikin shekara ɗari rikicin iko ya bar mata kufai ko kabari: Lugu a 1899, Togone a 1974, Dumega a 1999, kuma duka ukun a watan Afrilu, tsakiyar bazara. Masu zubar da jinin, kowane karo, mutane ne da suka ɗauka cewa manufarsu ta fi ƙarfin a tambaye su. Hukuma kuma kowane karo takan samo dalilin da za ta rufe maganar da shi. Kare haƙƙin ɗan Adam a wannan yanki ya fi yawa a hannun waɗanda suka ƙi yarda a rufe ta.

Kafin zuwan Turawa, iko a Arewa ba a hannu ɗaya yake ba. Tarihin baka ya nuna Gubawa ne 'yan ƙasa na farko, kuma shugabancinsu na addinin gargajiya yana wurin Sarauniyar Lugu, wadda ake danganta asalinta da Daura, da Bauran Bagaji. Sarauta ta zo daga baya. Ana cewa wani ɗan sarkin Barno mai suna Ari ya auri 'yar Baura, ta haifa masa Akazama, wanda zuriyar sarakunan Arewa ke komawa gare shi. Daga nan aka samu rabon aiki: doki da yaƙi da haraji na sarki ne, ƙasa da ruwan sama da sha'anin iskoki kuwa na Azna ne, masu addinin gargajiya. Kusa da Lugu akwai dutsen Tunguma, wanda ake kai wa ƙara idan gaskiya ta ɓuya. Ita kanta Sarauniya ba sarki ke naɗa ta ba. Idan ta rasu ana yin tarkama, wato a ɗauki gawarta a kan makara, a bi ta har ta tsaya a gaban matar da za ta gaje ta. Kada a ɗauka zamanin adalci ne tsantsa, domin akwai bauta, akwai hari, kuma 'ya'yan sarauta sun sha yaƙar juna. Abin da tsarin ya tanada shi ne wurin da ikon sarki ke tsayawa, da wata ƙofa ta biyu da mai ƙara zai iya bugawa.

A ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Arewa ta kasance a bakin iyakar daular Gwandu. Lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar Kabi a Argungu a 1849, Arawa da Zabarmawan Doso da Dandawa sun mara masa baya, kuma wannan ƙawance ya sa yawancin Arewa ta riƙe sarautarta da al'adunta har ƙarshen ƙarnin. Matankari ce mazaunin Sarkin Arewa a lokacin.

Abin da ya auko a 1899 ya bambanta da duk yaƙe-yaƙen da aka saba. A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar da ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, suka bar wa Faransa hanyar arewa mai ƙarancin rijiyoyi. Faransa na son haɗa yankunanta a tafkin Chadi, sai ta tura ayari ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Kyaftin Julien Chanoine, ɗan janar ɗin da ya riƙe ma'aikatar yaƙi a 1898. Turawan da ke cikin ayarin ba su kai goma ba. Sauran sojojin Afirka ne ɗaruruwa, da 'yan dako kusan 800 da aka kamo da ƙarfi, ga mata da bayi da dabbobi da ke ƙaruwa a kowane zango. Ayari irin wannan ba shi da abinci sai na garin da ya sauka, ba shi da ruwa sai na rijiyarsa. Garin da ya yi jinkiri a ƙone shi, ɗan dakon da ya gaza a kashe shi a ɗauko wani. Tun a Sansane Hausa, a bakin kogin Kwara, a watan Janairu 1899, aka kashe mutum 101 a rana ɗaya, ciki har da mata da yara.

Ranar 16 ga Afrilu ayarin ya isa Lugu. Sarauniya Mangu ba ta miƙa wuya ba. Maharbanta sun tsaya da baka da kibiya a gaban bindiga, kuma bisa rahoton Faransawa kansu an kashe musu mutum huɗu, an raunata shida, sun kuma ƙarar da harsashi kusan 7,000, asarar da ba su taɓa yi ba tun fitowarsu. Daga bisani mutanen Lugu suka janye cikin kurmi, aka cinna wa garin wuta. A farkon Mayu aka afka wa Birnin Ƙonni, inda aka yi kisan kiyashi mafi muni na dukan tafiyar.

Labari ya riga ya kai Paris ta wata hanya da ba a zata ba. Wani laftana mai suna Peteau, wanda Voulet ya kora daga ayarin, ya rubuta wa budurwarsa wasiƙa yana bayyana abin da ya gani, wasiƙar kuma ta kai hannun gwamnati. Kwanaki kaɗan bayan Lugu aka ba da umarnin a tsayar da kyaftin ɗin biyu, aka tura Laftana Kanal Klobb ya bi sawunsu. Bai buƙaci ɗan jagora ba, ƙonannun garuruwa da gawarwaki ne suka nuna masa hanya, kuma a Koran Kalgo ya tarar da gawar yara mata a rataye a kan itace. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Waɗanda ke wurin sun ba da labarin cewa Voulet ya shaida wa mutanensa shi ba Bafaranshe ba ne kuma, zai kafa daularsa. Kwana biyu bayan haka sojojinsa na Afirka suka juya masa baya: an kashe Chanoine ranar 16, Voulet ranar 17, a yankin Maijirgi.

Nan ne darasin shari'a ya fara, kuma bai yi kyau ba. Abin da ya girgiza jaridun Faransa shi ne hafsan Faransa ya kashe hafsan Faransa, ba dubban mutanen da suka mutu tsakanin Kwara da Tasawa ba. Ragowar ayarin ya ci gaba, ya kama Damagaram a ƙarshen Yuli, wani sashensa ya kai Chadi ya shiga yaƙin Kusseri na 22 ga Afrilu 1900, inda aka kashe Rabeh. Da nasara ta samu, sai bincike ya zama abin kunya. Ɗan majalisa Paul Vigné d'Octon ya nemi a kafa kwamitin bincike a 1900, majalisa ta ƙi. A 1902 aka rufe fayil da cewa zafin ƙasar Sudan ta Faransa ne ya taɓa ƙwaƙwalwar mutanen biyu. Hauka dalili ne mai sauƙi, domin yana wanke wanda ya aika, da wanda ya ba da bindiga, da wanda ya ci ribar tafiyar. Gyaran iyaka na 1904 da 1906 ya bar Ƙonni da Maraɗi a hannun Faransa, cibiyar mulkin Arewa kuma ta koma Dogon Dutsi.

Shekaru arba'in da suka biyo baya na aikin tilas ne da dokar da ta ba kwamandan Bature ikon ɗaure talaka ko cin tararsa ba tare da alƙali ba. A 1946 aka soke duka biyun, kuma dokar soke aikin tilas ta 11 ga Afrilu tana ɗauke da sunan Houphouët-Boigny na Kodebuwa. A shekarar ce kuma aka kafa jam'iyyar PPN, wadda ta zama reshen RDA a Nijar.

Rikicin da ya fi raba gidajen Nijar ya fito ne daga cikin wannan jam'iyya. Jibo Bakari ya rabu da jagoranta Jori Hamani, ya gina tafiyar da ta shahara da sunan Sawaba, mai ƙarfi a tsakanin direbobi, 'yan tasha, ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa na garuruwan da ke kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni zuwa Maraɗi da Damagaram. Tana da zumunci da NEPU ta Malam Aminu Kano. Jibo ya zama magajin garin Yamai a 1956, ya jagoranci gwamnatin cikin gida a 1957. A zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958 ya ce a jefa «a'a» ga tayin Janar de Gaulle, a karɓi 'yanci nan take. Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, sarakunan da suka goyi bayan Jibo suka janye, aka bayyana cewa «i» ta samu kusan kashi 78 cikin ɗari. A Oktoba 1959 aka haramta Sawaba, ta yadda ranar 3 ga Agusta 1960 Nijar ta karɓi 'yancin kai da jam'iyya ɗaya tak.

Da aka toshe hanyar ƙuri'a, shugabannin Sawaba da ke gudun hijira suka zaɓi bindiga. An horar da matasa a Ghana, Aljeriya, Sin da Vietnam ta Arewa, kuma a ƙarshen daminar 1964 suka tsallako iyaka rukuni-rukuni, suna zaton talakawa za su tashi tare da su. Ba su tashi ba. Gwamnati, da Jamballa Yansambu Maiga a ma'aikatar cikin gida, ta saki 'yan bangar jam'iyya, ta tilasta wa ƙauyuka farautar baƙi. An kashe ɗan ƙwadago Danduna Abubakar a yankin Ƙonni, aka kai gawarsa Yamai aka baje ta ga jama'a, kuma a watan Oktoba aka harbe mutum huɗu a bainar jama'a. Ranar 13 ga Afrilu 1965 wani ɗan Sawaba, Amadu Diop, ya jefa gurneti a filin idin babbar salla da nufin kashe shugaban ƙasa Jori, bai same shi ba. Kame ya ƙaru, aka cika gidajen kaso, wasu can cikin hamada, mutane da dama kuma ba su fito da rai ba. Masanin tarihi Klaas van Walraven ya tattara wannan labari a littafin da ya wallafa a 2013. Idan aka auna, ɓangarorin biyu sun yi tsauri, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne: wanda ya haramta adawa tun 1959, wanda kuma ke riƙe da kotu da kurkuku, shi ke da kaso mafi girma. A zaɓukan 1965 da 1970 Jori shi kaɗai ya tsaya takara.

Fari da yunwar farkon shekarun 1970, da zargin karkatar da abincin agaji, su suka ƙarasa gwamnatin. A daren 14 zuwa 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Laftana Kanal Seyni Kunce suka kifar da ita. Jori ya tsira da rai, amma matarsa A'isha, 'yar ƙasar Arewa, wadda ta jagoranci ƙungiyar matan Nijar, an harbe ta a fadar shugaban ƙasa. An binne ta a Togone, kusa da Dogon Dutsi. Mutane da yawa sun yi murna da faɗuwar gwamnatin, kuma murnar ta haɗiye tambayar yadda aka yi ta mutu. Ba a gurfanar da kowa ba.

Kunce ya saki fursunonin siyasa, ya bar 'yan gudun hijira suka dawo, sannan cikin shekara guda ya fara cika gidajen da ya buɗe. A 1975 aka kama Jibo Bakari tare da mataimakin Kunce, Sani Suna Sido, wanda ya mutu a tsare. Bayan yunƙurin juyin mulki na Maris 1976 an zartar da hukuncin kisa a kan jagororinsa. Cikin waɗanda suka ɗanɗani kurkukun wannan zamani akwai marubuci Abdullahi Mamani, tsohon ɗan Sawaba, kuma shi ne ya fitar da labarin Sarauniyar Lugu a littafi a 1980. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Sarauniyar littafi da ta fim ta fi ta tarihin baka zama jarumar fagen fama, kuma masana sun yi ta muhawara a kan haka. Amma ba ƙaramin abu ba ne a ce wanda gwamnatocin ƙasarsa biyu suka kora ko suka ɗaure shi ne ya fito da ta'asar 1899 daga inda aka binne ta.

Kare haƙƙi a matsayin aikin ƙungiyoyi masu rajista ya fara ne bayan rasuwar Kunce a Nuwamba 1987. Magajinsa Ali Saibu ya sassauta, amma ranar 9 ga Fabrairu 1990 jami'an tsaro suka buɗe wa ɗalibai wuta a gadar Kennedy ta Yamai, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma, a watan Mayu kuma sojoji suka yi wa Buzaye kisan gilla a Cintabaraden. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka matsa har aka amince da jam'iyyu da yawa. Ranar 13 ga Mayu 1991 mata suka yi zanga-zanga saboda an ware su daga shirin taron ƙasa, ranar da ta zama ranar matan Nijar. Taron ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba ƙarƙashin Farfesa André Salifou, ya kafa kwamitin binciken laifuffukan siyasa da na dukiya, aka ji manyan hafsoshi suna amsa tambaya a rediyo. A shekarar aka kafa ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ANDDH, da Timidria mai yaƙi da bauta. An faɗi gaskiya da yawa a zauren, hukunci kuwa kaɗan ne ya biyo baya.

Jamhuriyar da taron ya haifa ba ta yi nisa ba. Mahaman Usman ya ci zaɓen 1993, ya rasa rinjayen majalisa a 1995, aka shiga zaman doya da manja tsakaninsa da firaminista Hama Amadu har aikin gwamnati ya tsaya. Ranar 27 ga Janairu 1996 hafsan hafsoshin soja, Kanal Ibrahim Ba'are Mainasara, ɗan gidan Dumega, wanda ya taɓa zama dogarin Kunce, ya karɓe mulki. Ya tsaya takara a zaɓen 7 da 8 ga Yuli, kuma ana cikin ƙidaya ya rusa hukumar zaɓe mai zaman kanta, ya naɗa wata, aka yi wa abokan takararsa ɗaurin talala, aka ba shi kashi 52 cikin ɗari. A Janairu 1997 an kama jagororin adawa, ciki har da Mahaman Usman da Tanja Mamadu da Mahamadu Isufu, an kuma sha takura wa 'yan jarida. Zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairu 1999, wanda adawa ta yi rinjaye a wurare da dama, kotun ƙoli ta soke sakamakon da yawa daga cikinsa a farkon Afrilu.

Ranar 9 ga Afrilu 1999, a filin jirgin saman soja na Yamai, dogarawan fadarsa suka buɗe wa Ba'are wuta, suka kashe shi da wasu da ke tare da shi. Firaminista Ibrahim Hasan Mayaki ya sanar da ƙasa cewa mummunan hatsari ne ya faru. Kwana biyu bayan haka kwamandan dogarawan, Manjo Dauda Malam Wanke, ya zama shugaban ƙasa. An kai gawar Dumega aka binne. Sabon kundin tsarin mulki, wanda aka amince da shi a zaɓen raba gardama na 18 ga Yuli 1999, ya ƙunshi sashe na 141 da ya yi afuwa ga waɗanda suka yi juyin mulkin 1996 da na 1999 baki ɗaya, majalisa kuma ta tabbatar da afuwar da doka a Janairu 2000. An yi dabarar da wayo: an haɗa laifin mamaci da na waɗanda suka kashe shi a ƙulli ɗaya, ta yadda duk mai son kwance ɗaya sai ya taɓa ɗayan. 'Yan siyasa da yawa sun karɓe ta a matsayin kuɗin da za a biya sojoji su koma bariki, kuma sun koma, aka zaɓi Tanja a Nuwamba.

Wannan shari'a ce ke gwada mai da'awar kare haƙƙi, domin Ba'are ba mutum ne mai tsabtar hannu ba a sha'anin dimokuraɗiyya. Sai dai haƙƙin rai ba lada ba ne da ake ba wanda ya yi mulki mai kyau. Idan afuwa za ta iya hana iyalan shugaban ƙasa sanin wanda ya ba da umarnin kashe shi, to manomin Sukukutane da aka kashe wa ɗa ba shi da inda zai dosa. Iyalan sun kai ƙara kotunan Nijar, kowane karo afuwar ta tare su. Wanke ya rasu a 2004 ba tare da ya tsaya gaban alƙali ba.

Ƙofar da ta buɗe daga waje ta zo. Tun 2005 kotun ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, mai zama a Abuja, ta samu ikon sauraron ƙarar ɗaiɗaikun mutane a kan take haƙƙi, ba tare da sai sun gama da kotunan ƙasarsu ba. Wadda ta nuna wa 'yan Nijar amfanin wannan ita ce Hadijatu Mani, daga yankin Ƙonni, wadda aka sayar tana da shekara 12 a kan sefa 240,000 a matsayin wahaya, wato baiwar da maigida ke riƙewa kamar matarsa. Nijar ta mayar da bauta babban laifi a dokarta tun 2003, amma alƙalan gida ba su kare ta ba. Da taimakon Timidria ta kai ƙara, kuma ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ta samu gwamnati da laifin gaza kare ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Iyalan Ba'are suka bi sawunta. Ranar 23 ga Oktoba 2015 kotun ta yanke cewa an take haƙƙin marigayin na rayuwa da haƙƙin iyalansa na samun shari'a, ta ɗora wa Nijar diyyar sefa miliyan 435. Shekara 16 ke nan bayan kisan. Diyya ba ta maye gurbin bincike ba, kuma har yau ba a gurfanar da kowa ba a kan abin da ya faru a filin jirgin. Kundin tsarin mulkin 2010 ma ya maimaita salon, ya yi afuwa ga waɗanda suka kifar da Tanja ranar 18 ga Fabrairun shekarar, bayan yunƙurinsa na tazarce.

A 'yan shekarun nan tsattsauran ra'ayi ya zo wa maƙwabtan Arewa da sabuwar fuska. Saɓanin addini ba baƙo ba ne a Dogon Dutsi: Adeline Masquelier ta rubuta littattafai biyu, a 2001 da 2009, a kan takun-saƙa tsakanin 'yan bori da malamai, da tsakanin Izala da masu adawa da ita, amma wannan gardama ce ta wa'azi da ƙaurace wa juna. Ƙungiyoyin da ke da'awar jihadi a Tilaberi da Tawa, jihohi biyu da suka yi iyaka da gundumar, da bindiga suke gardama. Ranar 2 ga Janairu 2021 sun kashe kimanin mutum 100 a Comabangu da Zarumdarey, ranar 21 ga Maris kuma 137 a yankin Tiliya. Ta ɓangaren Najeriya, a Nuwamba 2024 rundunar soja ta bayyana ɓullar Lakurawa a Tangaza da Gudu na jihar Sakkwato, suka kuma kai hari Mera a jihar Kebbi, duk a bakin iyakar Arewa. Suna karɓar dabbobi da sunan zakka, suna yanke hukunci yadda suka ga dama.

Yaƙi da su ya dawo da tsohuwar tambaya, ko wanda ke kare ƙasa shi ma ana iya tuhumarsa. A Satumba 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ta ba da rahoton gano gawa 71 a kaburburan bai-ɗaya a yankin Inates, ta kuma ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro. Gwamnati ta musanta. Amma a ce hukumar da gwamnati ke biya ta tono kabari ta nuna sojan ƙasarta da yatsa, abu ne da ba a gani ba a 1964 ko 1974.

Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya jingine kundin 2010 da hukumomin da ya kafa. Kotun CEDEAO ta ba da umarnin sakin hamɓararren shugaba Mohamed Bazum ranar 15 ga Disamba 2023, ba a bi umarnin ba. An kama ɗan fafutuka Musa Cangari a Yamai ranar 3 ga Disamba 2024, kuma a Maris 2025 aka rusa jam'iyyun siyasa, aka rantsar da jagoran mulkin soja, Janar Abdurahman Tiani, a matsayin shugaban ƙasa na wa'adin shekara biyar. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga CEDEAO ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, kuma da ita 'yan Nijar suka rasa damar kai sabuwar ƙarar gwamnatinsu gaban kotun da ta saurari Hadijatu Mani da iyalan Ba'are.